Kwamfutar shago ta mutu, littafin bashi yana cikin fayil ɗin Access. Yaya zan buɗe shi?

Sani_BabSharif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masana kwamfuta don Allah ku kawo ɗauki. Ina aiki a wani shagon abaya da yadi a Bab Sharif, nan Jidda. Tsohuwar kwamfutar shagon, wadda ke kan Windows XP tun kafin in fara aiki a wurin, ta mutu ranar Asabar. Mun kunna ta, ta yi ƙara sau biyu, ta yi shiru. A cikinta akwai manhajar lissafi da wani injiniya ya haɗa wa maigida da Microsoft Access shekaru masu yawa, shi kuma injiniyan ya bar ƙasar, lambarsa ma ba ta shiga. Tun da aka wajabta fatura ta lantarki a Disambar 2021 muka koma sabuwar manhaja wajen ciniki, amma tsohon bashi ba a taɓa kwashe shi ba. Duk mutanenmu na Kano da Maraɗi da Damagaram masu ɗaukar kaya su biya idan sun dawo Umara, lissafinsu yana can ciki. Mai gyara ya ciro mini fayil mai suna hisabat.mdb a filash. Laftof ɗina babu Access. Wani ya ce zai buɗe mana a kan riyal 1,500, maigida ya ce ko kusa. Ga azumi ya matso, lokacin da masu bashin ke zuwa. Akwai hanyar kyauta?

Hafsat_Thuwal: Wa alaikumus salam. Kafin komai, Malam Sani, ka yi kwafin fayil ɗin gida uku: ɗaya a laftof, ɗaya a wani filash daban, ɗaya ka ba maigida ya saka a aljihun tebur. Duk gwajin da za a ce ka yi, a kan kwafi za ka yi shi. Shi kuma faifan ajiyar tsohuwar kwamfutar, kada ka bari mai gyara ya goge shi ko ya sayar.

Auwal_Kargo: Abu mai sauƙi. Akwai shafuka a intanet da za ka ɗora musu mdb su maido maka da shi Excel cikin minti biyu. Na taɓa yi.

UmmuKhadija_Madina: Haba Auwal. Fayil mai ɗauke da sunayen mutane da lambobin wayarsu da bashin da ake bin su, wataƙila har da lambar fasfo da ta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, shi za a miƙa wa shafin da ba a san mai shi ba? Wannan amana ce. Kuma ko ta fuskar doka, ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumbar 2023. Idan abu ya fita, maigidan za a nema, shi kuma Sani zai nema.

Auwal_Kargo: To Hajiya, na janye. Nawa dai jerin farashi ne, babu sunan kowa.

Bashir_Batha: Ku daina wahalar da bawan Allah. Ka je duk wani shagon gyara su saka maka cikakken Office mai Access a ciki, riyal 30 ko 50, ka buɗe abinka ka huta.

Injiniya_Zahran: Bashir, ko mun ajiye maganar cewa na satar fasaha kake nufi, akwai wata matsalar. Idan fayil ɗin na zamanin Access 97 ne, sabon Access ba zai buɗe shi ba. Tun daga Access 2013 Microsoft suka daina karɓar wancan tsarin. Wato ko na halak ka saya yau da kuɗinka, zai iya ce maka bai san fayil ɗin ba, alhali kamfaninsu ne ya ƙirƙiro shi.

Malam Sani, abin da nake amfani da shi sunansa mdbtools. Manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, kyauta, aikinta karanta fayilolin Access ba tare da Access ba. Idan laftof ɗinka Windows 10 ne ko 11, ka buɗe PowerShell a matsayin mai iko da na'ura, ka rubuta wsl --install, ka bari ta sake kunnuwa. Zai saka maka Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, a cikin Windows ɗin, ba zai taɓa kayanka ba. A tagar Ubuntu sai ka rubuta:

sudo apt update
sudo apt install mdbtools

Faifan C zai bayyana a /mnt/c. Ka shiga inda kwafin yake, ka ba da umarni biyu:

mdb-ver hisabat.mdb
mdb-tables -1 hisabat.mdb

Na farko zai faɗi zamanin fayil ɗin. JET3 na nufin Access 97 ko makamancinsa, JET4 daga Access 2000 zuwa 2003, idan kuma ka ga ACE to sabon tsarin accdb ne da ya zo a 2007. Na biyu zai jero jadawalan da ke ciki. Ka kawo mana abin da ka gani.

Sani_BabSharif: Injiniya, wannan baƙin allon ni tsoro yake ba ni wallahi. Kuma manhajar tana da kalmar sirri, maigida ya ce ya manta, don kullum a buɗe take kwana.

Injiniya_Zahran: Kada kalmar sirrin ta dame ka. A tsofaffin mdb kamar kwaɗo ne a ƙofar zana: Access ne kawai ke tsayawa ya tambaye ka, bayanan kansu ba ita ta rufe su ba, kuma mdbtools ba ya ma tambaya. A accdb ne abin ya zama kulle na gaske.

MalamNura_Aziziyya: A nan nake da tambaya. Tsallake kalmar sirri ba shiga gidan mutum ta katanga ba ne?

Hafsat_Thuwal: Malam, gidan na mai katangar ne. Maigida ne ya ce a buɗe masa lissafinsa. Da fayil ɗin wani ne aka tsinta, da maganarka ta zauna daram.

MalamNura_Aziziyya: Na gamsu da wannan. Amma shawarar Bashir ta saka na sata ban gamsu da ita ba, tunda ga hanyar da masu ita suka yafe wa kowa.

Bashir_Batha: Malam Nura, rabin kwamfutocin da muka koyi aiki a kansu a gida da me suke tafiya? Ba na jayayya da fatawa, amma a faɗi gaskiya.

Sani_BabSharif: Jama'a na yi. Na farko ya rubuta JET3. Na biyun ne ya tsinka mini zuciya. Abu biyu kacal ya fito:

Switchboard Items
tblEdadat

Na buɗe tblEdadat kamar yadda Injiniya ya nuna mini ta waya, babu komai sai sunan shago da lambar tarho. Ina sunayen mutane? Ina bashin? Innalillahi. Ban ma iya gaya wa maigida ba tukuna.

Hafsat_Thuwal: Kwantar da hankalinka. Fayil ɗin nawa ne girmansa?

Sani_BabSharif: MB 3 da 'yan kai.

Hafsat_Thuwal: To ai shi ke nan, fuskar aka ba ka, ba a ba ka cikin ba. Masu haɗa manhaja da Access sun saba raba ta biyu. Fayil ɗaya yana ɗauke da allunan da kake gani da maɓallai da rahotanni, ɗayan kuma shi ne rumbun da jadawalan gaske suke. Na farkon yana leƙa na biyun ne kawai. Wannan Switchboard Items da ka gani jerin maɓallan shafin farko ne, Access ke ƙirƙirar shi da kansa. Idan kana so ka san inda rumbun yake, rubuta:

mdb-export hisabat.mdb MSysObjects

Zai zubo maka tarkace da yawa, kada ka damu da su. Ka nemi layukan da ke da adireshi irin na faifai, mai farawa da C: ko D:. Yawanci sunan rumbun yana ƙarewa da _be, haka Access ke raɗa masa idan shi ya yi rabon.

Sani_BabSharif: Allahu Akbar. Ga shi: D:\data\hisabat_be.mdb. Ashe mai gyaran abin da ke kan fuskar allo kawai ya kwaso. Bayan la'asar zan koma wurinsa.

Baba_Misfala: Ina ta karanta ku ban gane rabin abin da kuke faɗa ba, amma bari tsoho ya sa baki. Shekara talatin da wani abu ina sayar da tasbaha da darduma da turare a Makka. Littafin bashina mai baƙin bango har yau yana nan, na farkon ma yana cikin akwati, duk wanda ya iya karatu zai buɗe ya karanta. Ba ya neman wuta, ba ya neman injiniya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ku kuma kun rubuta a inda ku da kanku ba ku iya karantawa sai da izinin wani kamfani a Amurka.

Auwal_Kargo: Baba ya gama magana, a tashi taro.

Injiniya_Zahran: Ranka ya daɗe Baba, ba ka yi kuskure ba, abin da ya haifar da mdbtools ɗin ke nan. Microsoft ba su wallafa yadda cikin fayil ɗin mdb yake ba. Wani mai suna Brian Bruns ne ya fara aikin wajen shekarar 2000, shi da waɗanda suka taya shi suka riƙa tona fayilolin suna gwadawa har suka gano tsarin, misali cewa JET3 yana yanka bayanai shafi-shafi na bayit 2048, JET4 kuma 4096. Suka rubuta abin da suka gano suka bar wa duniya. Aikin ya yi sanyi na wasu shekaru, daga baya Evan Miller ya karɓi riƙonsa, aka fitar da siga ta 1.0 a 2021. Sai dai Baba, littafi ma ruwa na cinye shi. Mutanen Jidda ba su manta ambaliyar 2009 ba.

Baba_Misfala: Wannan kuma haka ne ɗana. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

DanGadarif: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni daga Sudan nake, yanzu ina Jidda. Maganar Baba da ta Injiniya duk na gan su da idona. Ina aiki a ofishin wata makaranta mai zaman kanta a kudancin Khartum lokacin da yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023. Rajistocin takarda na shekaru da yawa muka bari a kabad, ba wanda zai gudu da su a ka. Abin da na fita da shi filash ne a cikin safa, har Gadarif, daga nan Fot Sudan. Da iyaye suka fara nemana a waya suna son sakamakon yaransu don a karɓe su a wasu makarantun, sai na tarar fayilolin ba na Access ba ne, dbf ne, na FoxPro. LibreOffice Calc, manhajar kyauta mai kama da Excel, ne ya cece ni. Yana buɗe dbf kai tsaye, sai dai ya fara tambayarka tsarin haruffa. Na yi ta gwada na Larabci ɗaya bayan ɗaya har sunayen yara suka fito daidai. Abin da na rasa shi ne bayanan malamai a kan kowane yaro, don ashe suna cikin wani ƙaramin fayil daban mai ƙarewa da fpt, ni kuma ban kwafe shi ba, ban san amfaninsa ba. Saboda haka Sani, idan ka je wurin mai gyara kada ka ɗauko fayil ɗaya. Ka kwashe jakar gaba ɗayanta, har abin da kake ganin shara ne.

Shi kuma ɗan'uwa Bashir, mu a Sudan daga 1997 zuwa 2017 muna ƙarƙashin takunkumin Amurka, ko kana da kuɗin sayen lasisi hanyar ba ta miƙe ba. Shi ya sa wasunmu suka koyi waɗannan na kyautar tun da wuri, ba don tsoron Allah ya fi na kowa ba.

UmmuKhadija_Madina: Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Ya iyali, sun fito?

DanGadarif: Amin Hajiya. Suna Gadarif wurin dangi, alhamdu lillahi.

Sani_BabSharif: Na dawo. Na kwashe jakar duka kamar yadda ɗan'uwa na Gadarif ya ce. Rumbun MB 84 ne. Yanzu jadawalai sun fito: tblZabayin, tblAsnaf, tblFawatir, tblHarakat da wasu guda biyar. Na fitar da na abokan ciniki da mdb-export. Lambobi sun fito lafiya, amma tsugune ba ta ƙare ba. Sunayen duk sun koma rubutun aljanu. Na farkon ga yadda yake: ãÍãÏ. Haka dukkansu.

Injiniya_Zahran: Wannan aljanin sunansa Muhammad. Da gaske nake. Haruffa huɗu ne, mim, ha, mim, dal, ka ga na farko da na uku iri ɗaya ne. JET3 ba ya ajiye rubutu da Unicode, yana bin tsarin haruffan Windows ɗin da aka shigar da bayanan a kai. Naku na Larabci ne, lamba 1256, mdbtools kuma ya karanta shi da na Yammacin Turai, lamba 1252. Bayanan ba su lalace ba ko kaɗan, tabarau ne ba daidai ba. Kafin ka fitar, rubuta wannan a tagar:

export MDB_JET3_CHARSET=CP1256

sannan:

mdb-export hisabat_be.mdb tblZabayin > zabayin.csv

Sani_BabSharif: Sun fito! Wallahi sun fito, da Larabcinsu tsaf. Mutum 412. Har na ga sunan wata Hajiya da ta rasu shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Amma da na buɗe a Excel sai suka sake rikicewa, kuma lambobin waya duk sifilin farko ya gudu. Maimakon 05 sai su fara da 5.

Hafsat_Thuwal: Wannan halin Excel ne idan ka danna fayil ɗin csv sau biyu. Yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, adadi kuwa ba ya farawa da sifili, sai ya yar da shi. Kada ka adana a haka, in ka adana ya tafi ke nan a wannan kwafin. Ka saka LibreOffice, ka buɗe da Calc. Zai fito maka da taga kafin ya buɗe: ka zaɓi UTF-8, ka danna kan gurbin waya da na iƙama da na fasfo ka ce rubutu ne. A Excel ma ana iyawa ta wajen shigo da bayanai, amma ta Calc ta fi sauƙin gani. Wata masifar kuma, duk adadin da ya wuce lamba 15 Excel yana mai da ragowar sifili, don haka dogayen lambobin ajiyar banki ma a rubutu za ka bar su.

Bashir_Batha: Kun ga abin da nake faɗa? Kwana biyu ana abu ɗaya. Ni ban ce a yi sata dole ba. Microsoft suna da Access Runtime, kyauta suke ba da shi, halak malak. Me ya sa ba a ambace shi ba?

Injiniya_Zahran: Don ba zai yi aiki a nan ba. Runtime na yanzu injinsa ɗaya da sabon Access, JET3 ya fi ƙarfinsa. Da JET4 ne da na ce a gwada, don shi zai tayar da manhajar da maɓallanta kamar yadda suka saba gani, abin da mdbtools ba zai taɓa yi ba. Kuma kyauta daban, buɗaɗɗe daban. Na kyauta mai shi zai iya janye shi gobe. Wanda tushensa ke hannun jama'a, ko masu shi sun gaji wani zai ɗauka, kamar yadda ya faru da wannan ɗin.

Bashir_Batha: Wannan wa'azin 'yan Linux ne, mun saba ji. Mai shago ruwansa da tushe? Kuɗinsa yake nema.

Zainab_Dammam: Ban shigo da wuri ba. Ga masu tsoron baƙin allo irina, akwai DBeaver, sigar Community kyauta ce. Za ka ce masa sabon haɗi, ka zaɓi Access, ka nuna masa fayil, shi zai sauko da abin da yake buƙata. A ƙarƙashinsa UCanAccess ne ke aiki, shi kuma a kan Jackcess aka gina shi, duk da Java aka rubuta su. Da shi na kwashe bayanan wani ɗakin shan magani da nake yi wa aiki, accdb ne, ina ganin jadawalai ina danna su kamar Excel. Abu biyu na lura. Babban fayil yana daɗewa kafin ya buɗe, don sai ya kwafe bayanan cikin wani rumbun nasa mai suna HSQLDB. Na biyu, a sababbin fayiloli yana iya rubutu ba karatu kawai ba, to hannu zai iya zamewa ka canza abu. A na 97 karatu kawai yake yi, wanda a wurin Sani ma alheri ne.

Hafsat_Thuwal: Shi ya sa na ce kwafi tun farko. Yaya Zainab, hotuna fa? Ni a nan na sha wuya, hotunan da aka cusa ta OLE, wato hanyar da Access ke saka hoto a jadawali, suna fitowa da wani kai a manne, sai an yanke shi kafin su buɗu.

Zainab_Dammam: Nawa babu hotuna, Allah ya taimake ni.

Sani_BabSharif: Jama'a ku yi haƙuri, na sake dawowa. Na duba jadawalan nan tara ɗaya bayan ɗaya, babu inda aka rubuta ragowar bashin kowa. A tsohuwar manhajar ina danna sunan mutum sai ta nuna mini abin da ya rage a kansa da jan rubutu. Ina wannan adadin ya shiga?

Injiniya_Zahran: Bai taɓa zama a ajiye ba. Duk sanda ka danna, a take manhajar ke lissafa shi daga tblHarakat: abin da mutum ya ɗauka a cire abin da ya biya. Nan ne iyakar waɗannan kayan aikin. Suna fito maka da jadawali, amma alluna da rahotanni da umarnin VBA da injiniyan ya rubuta ba sa tayar da su. Gwada mdb-queries a kan fayil ɗin farko, ƙaramin, wataƙila ya nuna maka tambayoyin da aka ajiye, ko da yake masu sarƙaƙiya ba kullum suke fitowa cikakku ba.

Shawarata ka mai da komai cikin SQLite, wani tsarin rumbun bayanai na kyauta. mdb-schema hisabat_be.mdb sqlite zai ba ka ƙirar jadawalan, mdb-export -I sqlite kuma ya ba ka bayanan a shirye don zubawa. Sai ka buɗe da DB Browser for SQLite, shi ma kyauta, mai maɓallai ne. Layi ɗaya na SQL zai tara wa kowane mutum jimillarsa. Kuma tsarin SQLite a wallafe yake, har ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin tsare-tsaren da yake ba da shawarar a adana bayanai da su. Wannan ya ɗan kusanci littafin Baba.

UmmuKhadija_Madina: Ku kula da kwanan wata. Na yi aikin shigar da bayanai shekara shida, a nan aka fi yin ɓarna. Tsofaffin manhajojin ƙasar nan da yawa da Hijiriyya suke nunawa.

Injiniya_Zahran: Gaskiya ne Hajiya. Idan gurbin na kwanan wata ne na ainihi, Access adadi yake ajiyewa, yawan kwanaki daga 30 ga Disambar 1899, Hijiriyyar a fuska kawai take. To zai fito da Miladiyya. Amma mdb-export idan ba ka hana shi ba salon Amurka yake bi, wata kafin rana, shekara lamba biyu. 03/04/09 a wurinsa 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Ka yi amfani da -D da -T ka ce masa %Y-%m-%d.

UmmuKhadija_Madina: Wasu kuma rubutu kawai suke sakawa, 1432/07/15, wani ma'aikacin ya fara da rana wani ya fara da shekara. Kuma idan za ka juya, lissafin Hijiriyyar da ke cikin tsofaffin manhajoji ba kullum yake dacewa da kalandar Ummul Ƙura ba, ana samun saɓanin kwana ɗaya ko biyu. A bashin abaya ba komai, amma a ƙarewar iƙama kwana ɗaya ma abin lura ne.

Auwal_Kargo: Ni dai abin da na fahimta, mai riyal 1,500 ɗin nan bai yi tsada ba.

Bashir_Batha: Auwal ka faɗi abin da ke raina.

Hafsat_Thuwal: Da ya karɓi kuɗin ya miƙo Excel mai ãÍãÏ guda 412 fa?

Sani_BabSharif: Injiniya ya taya ni ta waya jiya bayan isha'i, Allah ya saka masa. Komai ya shiga SQLite, layi 31,000 da ɗoriya a tblHarakat. Mun tara. Amma da na nuna wa maigida, ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a kan wani Alhaji na Kantin Kwari ya ce sam, wannan bai kai haka ba, ya dawo da katan biyu na abaya shekarar da aka rufe Umara saboda korona. Muka duba. Akwai wani gurbi mai suna Naw, a ciki lamba 1 ko 2 ko 3 ko 4. Mun gane 1 ɗaukar kaya ne, 2 biya. Layin katan biyun nan 3 ne, to 3 kayan da aka dawo da su ke nan, mu kuma mun tara su a kan bashi. Lamba 4 ce ba wanda ya sani. Layi 57 ne kawai.

Baba_Misfala: Ka tambayi maigidanka ko yana yafe bashi. Mu idan mutum ya rasu ko ya karye, ja muke yi a kan sunansa da jan biro.

MalamNura_Aziziyya: Idan yafiya ce, a yi hattara sosai. Kada kwamfuta ta tayar da bashin da aka riga aka yafe, a je ana bin magada.

DanGadarif: Ko ragi ne. A makarantarmu akwai lamba irin wannan ta 'ya'yan malamai.

Injiniya_Zahran: Ma'anar 4 tana cikin allon shigar da bayanai ko cikin VBA, a ƙaramin fayil ɗin. Idan ba mde ba ne, wato wanda aka ƙulle umarninsa, tsohuwar kwamfuta mai Access 2003 za ta buɗe shi a gani. A rubutu ma wani lokaci ana dacewa: umarnin strings a Ubuntu yana tsamo kalmomi daga cikin fayil, amma na Larabci sai an sha fama.

Bashir_Batha: To ga shi an dawo kan Access ɗin da kuka ƙi.

Zainab_Dammam: Ba sai an je can ba. Layi 57 ai ana bin su da ido. Sani, ka jero su da suna da kwanan wata da adadi. Idan adadin kowanne daidai yake da ragowar da ke kan mutumin a ranar, yafiya ce. Idan ƙananan kuɗi ne barkatai, riyal 20, riyal 35, ragi ne.

Sani_BabSharif: Na jero su. Akwai manya akwai ƙanana, Yaya Zainab. Sunan Hajiyar da ta rasu yana ciki, kuma nata ya share ragowarta daidai. Amma akwai wani mutumin Maraɗi da ya fito sau tara, shi kuwa yana raye, makon jiya ma ya yi waya. Maigida ya ce akwai kwalin tsofaffin faturoci a saman kabad na sito, gobe kafin a buɗe shago zan hau in sauko da shi in nemo na mutumin.

Auwal_Kargo: Ka sa takunkumi, ƙurar sito ba wasa ba. Injiniya, ni ma ina da wani tsohon fayil na ofishinmu mai ƙarewa da .db, an ce Paradox ne. mdbtools ɗin nan zai ci shi?

Injiniya_Zahran: A'a, wannan wani gidan ne, akwai pxlib dominsa. Ka buɗe sabon zare, kada mu cakuɗa da na Sani. Kuma ka fara duba ko akwai masu ƙarewa da .px da .mb a kusa da shi kafin ka taɓa komai.